Babin da Aka Cire

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, Samira tana aikin jinya a sashen awon ciki na asibitin koyarwa. Gidansu yana Tarauni, bayan kasuwa, ita da mijinta Salisu, malamin makarantar sakandare, da 'ya'yansu.

Kullum da safe, kafin a fara awo, ita ce take tsayawa gaban matan da suka cika bencina ta yi musu bayani a kan abincin da za su ci da wanda za su rage, da kuma alamomin da in mace ta gani ba za ta jira gari ya waye ba. Matan su gyaɗa kai, su yi mata addu'a, su tafi. Bayan wani lokaci sai a kawo ɗaya daga cikinsu ranga-ranga, ƙafafu a kumbure, jijjiga ta riga ta kama ta. In an tambayi 'yan uwanta sai su ce ai ta daɗe tana kukan ciwon kai, sun ɗauka rana ce. Takardun wayar da kai da ƙungiyoyi suke kawowa duk da Turanci suke, yawanci a kasuwa suke ƙarewa ana ƙulla gyaɗa da su.

Wannan ne ya sa Samira ta fara rubutu da Hausa. Duk abin da take faɗa da safe, da tambayoyin da mata suke yi mata a ɓoye in sun keɓe, ta dinga zuba su a takardu. Da suka taru Salisu ya duba ya ce, "Wannan ai littafi ne. Ki kai wa Saifullahi ya buga miki a kwamfuta."

Saifullahi ɗan kawunta ne. Da mahaifin Samira ya rasu tana ƙarama, a gidan kawun nata ta tashi, mahaifiyar Saifullahi, Inna Rabi, ita ta riƙe ta har ta yi aure. Samira ta goyi Saifullahi a bayanta, ita ta koya masa karatun boko na farko. Yanzu ya zama magidanci, yana da shagon buga takardu a titin kotu, a Gyadi-Gyadi, da kwamfutoci biyu da firinta da ɗan janareta a bakin ƙofa.

Ranar da ta je da yamma bayan ta tashi daga aiki, ya karɓi takardun da hannu biyu, ya share mata kujera.

"Yaya Samira, ashe marubuciya muke da ita a gida ba mu sani ba."

"Bar zolaya. So nake a buga shi yadda za a iya karantawa. Amma ka ga ni ban san komai a kan na'urar nan ba."

Ya jawo kujerarsa kusa da allon, ya ce kafin a buga harafi ɗaya sai an zaɓi manhajar da za a yi aikin a cikinta, don kowane rubutu da irin tasa. Ya buɗe ta farko, allon ya koma shuɗi, fararen haruffa a kai.

"Wannan WordPerfect sunanta. Lauyoyin da ke layin nan ita suke so. Takardar rantsuwa, yarjejeniyar haya, wasiƙar ofis. Ba ado, ba ɓata lokaci, hannunka ba ya barin madannai. Tsofaffin masu tafireta da ita suka fi sabawa."

Ya rufe, ya buɗe ta biyu. Farin shafi ya fito kamar takarda ta gaske.

"Wannan Word. Ɗaliban asibitinku da ita nake yi musu furojet, aikin binciken kammala karatu. Tana yin jadawali, tana sa lambar shafi, tana sa bayani a ƙasan shafi. Abin da kika gani a allo shi zai fito a takarda."

Samira ta matso. "Na san wannan. Irinta ce a kwamfutar ɗakin karatunmu. To ai shi ke nan, a yi da ita. In na samu sarari a wajen aiki sai in dinga dubawa ina gyarawa da kaina."

Saifullahi ya sosa gemu. Ya ce bari ta ga sauran tukuna. Ya nuna mata CorelDraw, wadda yake yin katin biki da fastar 'yan siyasa da ita, ya ce wannan ta zane ce, ba ta dogon rubutu ba. Sannan ya buɗe ta ƙarshe.

"PageMaker. Da ita ake shirya jarida da littafi. Ki ajiye hoto a nan, rubutu ya zagaye shi. Ki jera shafuka yadda maɗaba'a take so. Amma ba wannan ne babban dalilin ba. Duba nan."

Ya koma Word ya buga kalma ɗaya, ya juyo mata da allon. "Karanta."

"Bari."

Ya koma PageMaker ya buga, sai ga harafin farko da 'yar ƙugiyarsa a sama.

"Ɓari," in ji Samira a hankali.

"To kin gani. Littafinki na masu ciki ne. In kika rubuta ɓarin ciki ya fito barin ciki fa? In kika rubuta ƙafa ta fito kafa? Haruffanmu masu ƙugiya a wannan kaɗai suke fitowa. Sauran ba su san Hausa ba."

Samira ta daɗe tana kallon kalmomin nan biyu. Ta tuna matan da da ƙyar suke haɗa baƙi, waɗanda harafi ɗaya zai iya ɓatar da su. Ta ce, "A yi da wannan ɗin. Kai ka san aikinka."

Haka suka kama. Duk ranar da take aikin safe, in ta tashi sai ta biyo ta Gyadi-Gyadi da farin kayanta a ƙarƙashin hijabi, ta zauna gefensa tana karantowa yana bugawa. Sau da yawa a nan take sake jimla, don in ta ji ta a bakinta sai ta gane ba haka mata suke magana ba. Wani babin ma babu shi a takarda, daga kanta ta zubo shi kai tsaye. In an ɗauke wuta su jira, su yi hirar gida, su tuna marigayi kawu. Babin da ya fi cin ta shi ne na alamomin haɗari: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ɗa ya daina motsi. Ta rubuta, ta karanta wa matan awo, ta dawo ta sake, har sai da wata tsohuwa da ta rako jikarta ta maimaita mata shi tsaf ba tare da ta duba takarda ba. A ranar, Samira ta dawo shagon da tsire ta ce a ci.

Takardunta na hannu suka zauna a durowar Saifullahi. Shi kuma ya ba ta disket guda, ɗan faifan ajiya na kwamfuta, ya rubuta sunanta a kai, ya ce duk lokacin da suka ƙara wani abu yana juye mata a ciki. Ta dinga kawowa yana sawa a na'ura yana mayar mata, ita kuma tana adana shi a cikin akwatin sarƙoƙinta.

Ana cikin haka wata yamma wani mutum ya shigo shagon, babbar riga tana ta ƙamshi, mutane biyu a bayansa. Alhaji Bello ne, sabon ɗan majalisa, ya zo karɓar fastar godiya ga waɗanda suka zaɓe shi. Idonsa ya kai kan allon, ya tsaya ya karanta 'yan layuka.

"Wannan fa na waye?"

"Na yayata ne, ranka ya daɗe. Ma'aikaciyar jinya ce."

Samira ta gaishe shi. Ya ce, "Madalla, Hajiya. Irin wannan muke so a wannan sabuwar tafiya. Allah Ya yi albarka." Ya karɓi fastarsa ya fita.

Daga wannan makon abubuwa suka fara ja. Littafin ya kusa kammaluwa, gyaran ƙarshe kawai ya rage, amma duk zuwan da ta yi sai Saifullahi ya ce kwamfutar ta samu matsala, ko aikin ɗalibai ya yi masa yawa, ko ta tarar da shagon a rufe. Ba ta kawo komai a ranta ba. Har faɗa ta yi wa Salisu da ya ce abin ya fara ba shi mamaki.

Wata safiya tana auna hawan jinin wata mata mai suna Hasana, sai ta ga wani ɗan littafi ya leƙo daga jakarta. Bangon kore ne, da hoton Alhaji Bello yana murmushi.

"A ina kika samu wannan?"

"Jiya aka raba mana a taro, Sista. Har da atamfa. Alhaji ne ya rubuta saboda mata. Wallahi kamar ke ce kike magana a ciki."

Samira ta karɓa ta buɗe. Jimlar farko tata ce. Ta biyu ma. Misalin da ta yi da tukunyar da aka cika wa wuta yana nan, har da wata kalma da suka yi gardama a kanta da Saifullahi. Ta juya bango, ta juya baya. Sunan Alhaji Bello, sunan gidauniyarsa, sunan shagon Saifullahi a ƙasa da ƙananan haruffa. Nata babu ko'ina.

Ta ci gaba da buɗawa, tana neman babin alamomin haɗari. Daga babin abinci sai ta faɗa cikin hotuna: Alhaji yana buɗe rijiyar burtsatse, Alhaji yana gaisawa da dattawa, Alhaji a tsakiyar mata. Bayan hotunan sai babin shayarwa. Ta koma ta sake bi shafi-shafi. Babin babu shi.

Ta mayar wa Hasana littafinta, ta ƙarasa awon, ta rubuta abin da za ta rubuta. Ba ta san yadda ta kai ƙarshen aikin ranar ba.

Ta tarar da Saifullahi shi kaɗai, da sabuwar kwamfuta a kan teburin da ba ta san shi da shi ba. Yana ganin fuskarta ya miƙe.

"Yaya, zauna in yi miki bayani. Wallahi ina nan ina shirin zuwa gida."

"Ina babin?"

Ya yi turus. Da alama tambayar suna ya shirya wa.

"Ina babin alamomin haɗari, Saifullahi?"

"Yaya, maɗaba'a tana da adadin shafukan da take bugawa a kowane farantin buga takarda. Da aka sa hotuna dole wani abu ya fita. Kuma Alhaji ya ce babin nan duk jini ne da mutuwa, zai tsorata mutane, ba a raba irin wannan a taron murna."

"Saboda babin nan na rubuta littafin. Sauran duk rakiya suka yi masa."

"To ai sauran sun isa hannun mata! Ke da kanki yaushe za ki iya buga shi? Da yana nan a cikin na'ura har ya ruɓe. Yanzu yana Hotoro, yana Daurawa, yana Unguwar Gano. Ba abin da kike so ke nan ba? Ko sunan ne ya dame ki?"

Wannan kalma ta soke ta fiye da komai, don akwai gaskiya a ciki, sunan ya dame ta. Ta ce ya ba ta takardunta na hannu. Ya buɗe durowa ya rufe, ya ce da aka kawo sabon tebur an yi shara, bai san inda suka shiga ba. Ta ce to ya buga mata babin a takarda yanzu, tana tsaye. Ya sunkuyar da kai ya ce aikin ya zama na gidauniya, ya sa hannu cewa ba zai ba kowa ba.

"Kowa," in ji Samira. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Washegari ta ɗauko disket ɗinta ta tafi da shi ɗakin karatu na asibiti. Akwai wata ɗalibar likitanci, Nana Fatima, da suka saba tun zamanta a sashensu, tana zaune tana buga furojet ɗinta. Samira ta roƙe ta ta buɗe mata. Nana Fatima ta gwada, ta ce wannan aikin PageMaker ne, Word ba za ta buɗe shi ba, sai an je inda suke da ita.

"Amma Anti, me ya sa aka yi miki rubutu a cikinta tun farko? Ai sai an gama rubutu da gyara ake kai shi can a jera shafuka. Da a Word kika yi, da ko'ina kika je za a buɗe miki."

"Saboda haruffa masu ƙugiya. An ce a can kaɗai suke fitowa."

Nana Fatima ta yi dariya, ba ta san abin da take taɓawa ba. "Wa ya gaya miki? Ba a manhaja suke ba, wani salon haruffa ne ake sawa a kwamfuta. In an sa shi, kowace manhaja tana gani. Ga shi ma wani malami ya sa mana a wannan." Ta zaɓi wani abu a saman allon, ta buga. Sai ga ɓ, ga ɗ, ga ƙ, a jere a kan farin shafin Word.

Samira ta zauna a kujerar da ke kusa. Tun jiya take gaya wa kanta cewa Alhaji Bello ne ya ruɗi yaron, kwaɗayi ya ja shi daga baya. Yanzu ta ga ƙaryar ta girmi zuwan Alhaji. Tun ranar farko, tana zaune a kujerar da ya share mata, ya zaɓa mata inda ba za ta iya taɓa rubutunta ba sai ta hannunsa.

Duk da haka ta nemi wani shago a Tarauni mai PageMaker. Mai shagon ya sa disket ɗin ya buɗe. Shafin take ne a ciki, da sunanta, da rabin babin farko. Babu komai bayan wannan. Duk kai-kawon da ta yi da shi, sawa kawai yake yi yana cirewa.

Ranar Juma'a ta je gidan Inna Rabi. Ta same ta a tsakar gida tana gyaran zogale. Ta zauna a tabarma ta faɗa mata komai, tun daga farko. Inna Rabi ta saurara ba ta ɗago ba.

"Ya gaya mini," in ji ta daga ƙarshe. "Samira, ki yi haƙuri. Alhajin nan ya ɗauke shi aiki a ofishinsa, shi zai dinga yi masa duk takardunsa. Kin san tun rasuwar kawunki yadda yaron nan yake fama. Ke kina da aikinki, mijinki yana da nasa. Kada ki tayar da maganar nan ki ɓata masa."

"Inna, kin sani ke nan tun kafin a raba?"

Inna Rabi ta ci gaba da tsinke ganye. "Rubutu ne fa, 'yar nan. Kanki yana nan, sai ki sake wani."

Samira ta dubi hannuwan nan da suka yi mata kitso tun tana yarinya. Ta so ta yi magana, ta ga babu abin da za ta faɗa da ba zai zama rashin kunya ba. Ta yi sallama ta tafi. A cikin motar haya ne hawayen suka zo, ta ja hijabi ta rufe fuska har aka sauke ta.

Salisu ya ce su kai ƙara, ga kotu nan kusa. Ta tambaye shi da wace shaida, kuma ta tsaya gaban alƙali da ɗan Inna Rabi? Ya bar maganar.

Abin da ya hana ta barci shi ne matan da suke zuwa awo da koren littafin nan a jaka, suna ganin sun san komai. Don haka ta koma wajen Nana Fatima ta ce ta koya mata. A lokacin hutun rana, da yatsu biyu, tana laluben haruffa ɗaya bayan ɗaya, ta sake rubuta babin a Word. Wasu jimlolin sun dawo mata yadda suke, wasu sun tafi har abada, ta san waɗanda ta sa a madadinsu ba su kai su ba. Ta matse shi ya shiga takarda guda, gaba da baya, ta sa sunanta a ƙasa. Ta ajiye shi a disket biyu, ta buɗe kowanne a wata kwamfutar daban ta tabbatar da idonta. Shugabar sashensu ta karanta ta amince a dinga fitar da kwafinsa ana ba duk matar da ta zo awo. Mai koren littafi kuma, Samira da kanta take karɓa ta soka takardar a tsakiyar hotunan.

Bayan sallar layya Saifullahi ya zo gidanta, cikin sabuwar shadda, da mota a waje. Salisu ya shigo da shi falo ya ba su wuri. Ya gaishe ta ta amsa. Ya yi ta juya makulli a hannu, sannan ya ce Alhaji ya ji daɗin yadda littafin ya karɓu, yana son na biyu, a kan rainon jarirai.

"Wannan karon na yi magana, Yaya. Za a sa sunanki a shafin godiya. Kuma a Word za mu yi, in kin fi so."

"Na iya Word yanzu," in ji ta. "Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Ranar farko, ba ka san Alhaji zai gani ba. Me ya sa ka yi mini ƙaryar haruffa?"

Ya ce, "Na ga in kika iya da kanki, ba za ki dinga zuwa shagon ba. Kuma na san abu ne mai kyau. Ban so ya fita daga hannuna."

Ta gyaɗa kai. Ta tashi ta kawo masa ruwa da naman sallah a faranti, kamar yadda za ta kawo wa kowane baƙo, ta ce ya gaida Inna. Ya gane an sallame shi.

Littafi na biyu ya fito bayan wasu watanni, wani ne ya fassara musu daga Turanci, mata suka ce ba sa gane shi. Saifullahi ya zauna a ofishin Alhaji Bello har zaɓe na gaba, da Alhajin ya faɗi ya koma shagonsa. Samira tana zuwa gaida Inna Rabi duk sallah, in ta haɗu da shi a zaure su gaisa. Nata na rainon jarirai kuwa ta rubuta shi a hankali, takarda ɗaya bayan ɗaya, tana raba wa masu jego a ranar da za a sallame su.